Wa ya ba da izinin a kare hasken rana?

Wani maƙwabcina a nan Marwa, manomin masakwa, ya ji a rediyo wai za a watsa ƙura a sama don a rage zafin duniya. Ya tare ni a ƙofar gida, ya ce: "Malam, wa ya ba su izini?"

Labarin yana da tushe. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya cilla hayaƙin farar wuta can ƙololuwar sama, hayaƙin ya kare wani ɓangare na hasken rana, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. Daga nan wasu masana suka ce a kwaikwayi dutsen da jiragen sama.

Abin da ya fi kama da doka a kan wannan shi ne matsayar da aka cimma a Nagoya ta Japan a 2010, ƙarƙashin yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Kamaru da Cadi duk suna ciki. Ta ce kada a yi wani aikin sarrafa yanayi da zai iya taɓa halittu sai an sami ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya, an kuma auna illarsa ga muhalli da abincin mutane da zamansu. Ƙofa ɗaya aka bari: ƙaramin gwaji na bincike, a killataccen wuri, bayan tantancewa.

To amma fa kira ne kawai aka yi wa ƙasashe. Babu tara, babu kotu. Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar. Akwai wata ta 1977, sai dai ita mayar da yanayi makamin yaƙi kaɗai ta hana. Shi ya sa a 2022 wani ƙaramin kamfanin Amurka ya saki balan-balan ɗauke da iskar farar wuta a Meziko ba sallama, sai daga baya, a Janairun 2023, gwamnatin ƙasar ta ce za ta haramta.

Mu damuwarmu damina ce. Dattawa ba su manta farin 1984 ba, lokacin da rumbuna suka zama wayam, Tafkin Cadi ya ja da baya. Masana da dama na ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu a ciki: ya sanyaya arewacin duniya, hadari ya koma kudu ya bar Sahel. Ƙurar da ake son watsawa dangin wannan hayaƙin ce, kuma in aka fi zuba ta a arewa, haka na iya maimaituwa.

Ministocin muhalli na Afirka sun nemi a hana fasahar baki ɗaya a taronsu na Adis Ababa a 2023. A 2024 Suwizalan ta kai ƙudurin kafa kwamitin masana kan fasahar gaban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, aka kasa daidaitawa, ta janye.

Da na gama, maƙwabcin nawa ya ce: "Wato ba a ba su izini ba, ba a kuma ɗaure musu hannu ba." Na ce haka ne.