Gwajin PSA na gida: abin da yake gani da abin da yake ɓoyewa

Iyayenmu maza da aka yi wa maganin kansar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sun san likita kan ce su riƙa dawowa ana auna PSA, sinadarin da furostet ke fitarwa, a jininsu. Asibiti da nisa, layi da tsawo, ga kuɗin mota. Shi ya sa wasu ke sayen ɗan abin gwaji a kemis ko ta intanet, su huda yatsa, su ɗiga jini, su jira sakamako a ɗaki.

Ina roƙonku, kada ku dogara da shi. Yawancin irin waɗannan ba sa ba da lamba, layi kawai suke fitarwa don nuna ko PSA ya kai 4 ng/mL (ma'aunin yawansa a jini) ko bai kai ba. To, wanda aka cire masa furostet ta hanyar tiyata, ana so PSA ɗinsa ya sauka har a kasa gano shi. Da ya kai 0.2, aka sake aunawa aka tabbatar, likita zai fara zargin cutar ta dawo. Tsakanin 0.2 da 4 akwai rata babba, kuma duk tsawon wannan lokacin abin gwajin zai yi ta nuna lafiya lau alhali ciwon yana tsiro. Wanda aka gasa masa kansar da na'ura kuwa, ana duba ko PSA ya ƙaru da 2 a kan mafi ƙanƙantar lambar da ya taɓa sauka. Layi ba zai faɗi wannan ba.

Akwai wani gwajin da ake ɗibar jini a gida a aika dakin gwaje-gwaje. Shi ya fi dama domin yana ba da lamba, amma zafin rana da jinkirin hanya na iya ɓata jinin.

Lambar ma kanta tana motsi. Ciwon sanyin fitsari, robar fitsari, ko kusantar iyali cikin awa 48 kafin gwaji na iya ɗaga ta. Maganin finasteride, da ake sha don kumburin furostet, kuma kan rage ta da kusan rabi, don haka a gaya wa likita idan ana shan sa.

Baba, ka riƙa yin gwajin a wuri guda, domin na'urori sukan saɓa wa juna, ka adana takardun bi da bi da kwanan watansu. In ka ji ciwon baya ko na ƙashi da ya ƙi tafiya, ka je asibiti. In ƙafafu suka yi rauni ko fitsari ya ƙi fita, a tafi a ranar, ko me gwajin gida ya nuna.