Tambayoyin da ake yawan yi mini a kan birnin Saint Petersburg

Duk shekara, da zarar an fara maganar guraben karatu a Rasha, tambayoyi iri ɗaya ne ke zuwa mini daga ɗalibai da iyayensu. Na tattara amsoshin a nan, kuma duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Shin ita ce babban birnin Rasha?

A'a, Mosko ce. Saint Petersburg ta riƙe wannan matsayi daga 1712 zuwa 1918, ban da ƴan shekarun da fada ta koma Mosko. Yanzu ita ce birni na biyu a girma, da mutane sama da miliyan 5.

To Leningrad kuma ina take?

Gari ɗaya ne. Sarki Peter ya kafa shi a 1703 a bakin kogin Neva, a wata fadama da ya ƙwace daga hannun Suwidin, kuma talakawan da aka tilasta wa aikin ginin sun mutu da yawa. An mayar da sunan Petrograd a 1914, Leningrad a 1924, sannan mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a a 1991 aka dawo da sunan asali. Lardin da ke kewaye da birnin har yau Leningrad ake kiransa, saboda haka a duba takardar makaranta da kyau a ga wanne ake nufi.

Ai garin Putin ne, ko?

A can aka haife shi a 1952, kuma ya yi aiki a ƙarƙashin magajin garin, Anatoly Sobchak. Amma ina roƙonku ku daina taƙaita wannan birni ga mutum ɗaya. Wanda zai je ya zauna shekara biyar ko shida a cikin mutane, alhali bai san abin da ya sami kakanninsu ba, ya tafi da rashin ladabi tun daga gida.

Me ya sami kakannin nasu?

A yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus, tare da na Finlan daga arewa, sun yi wa garin ƙawanya daga 8 ga Satumban 1941 zuwa 27 ga Janairun 1944, kwana 872. A ƙarshen 1941 rabon yara da waɗanda ba ma'aikatan masana'anta ba ya sauko zuwa giram 125 na burodi a rana, yanki ne da bai cika tafin hannu ba, kuma an gauraya garinsa da abubuwan da ba abinci ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, akasarinsu da yunwa da sanyi. Ɗan abincin da ke shigowa a hunturu ta kan ƙanƙarar tafkin Ladoga manyan motoci ke ɗauko shi, jiragen yaƙi suna binsu da bama-bamai. A cibiyar binciken tsirrai ta Vavilov akwai ma'aikatan da yunwa ta kashe suna gadin tarin irin shinkafa da sauran hatsi, ba su taɓa shi ba, domin manoman bayan yaƙi su sami abin shukawa. A maƙabartar Piskaryovskoye kusan mutum rabin miliyan ke kwance a manyan ramuka, ba suna a kansu sai shekarar binnewa, kuma har yau za ka ga an ajiye yankan burodi a kan duwatsun. Idan ka je can ka rage murya, ka ajiye wayarka a aljihu. Kada kuma ka zubar da burodi a gaban tsohuwa a wannan gari.

Akwai masallaci?

Akwai, kuma babba ne. An aza harsashinsa a 1910 da taimakon Sarkin Bukhara, aka yi sallar farko a 1913, hukumomin Sobiyet suka rufe shi a 1940, aka sake buɗewa a 1956. Yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gorkovskaya, kuma shuɗiyar ƙubbarsa daga nesa ake hango ta. Naman halal ba ya wahalar samu, domin Tatar, wata ƙabilar Musulmin Rasha, da mutanen Uzbekistan da Tajikistan suna da yawa a garin. Iyaye su kwantar da hankalinsu ta wannan fuska.

An ce rana ba ta faɗuwa a can. Yaya ake salla da azumi?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ita ake bari sai an isa. Rana tana faɗuwa. A ƙarshen watan Yuni takan faɗi wajen ƙarfe 10 da minti 25 na dare, ta fito wajen 3 da rabi, sai dai ba ta nitsewa sosai, saboda haka a watannin Mayu, Yuni da Yuli shafaƙi ba ya gushewa har hasken safiya ya haɗe da shi. Azahar, La'asar da Magariba ba su da matsala. Isha'i da Asuba ne alamominsu suke ɓacewa.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma malamai sun saɓa, don haka abin da zan faɗa bayani ne, ba fatawa ba. Akasarinsu sun tafi a kan cewa salloli biyar ba sa faɗuwa a kan kowa, sai dai a ƙiyasta lokaci, suna kafa hujja da hadisin ranakun Dujal inda aka umarci sahabbai da su ƙaddara wa kowace salla lokacinta. Yadda za a ƙiyasta ne ake da maganganu. Wasu suna duba gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu suna riƙe lokacin ranar ƙarshe da shafaƙi ya gushe, wasu kuma suna raba daren gida biyu ko gida bakwai. Akwai malaman Turai da suka yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a waɗannan watanni ga wanda jiran zai cutar da shi, kamar ɗalibin da ke da jarrabawa da safe, amma akwai waɗanda ba su yarda a mayar da hakan al'adar kullum ba.

A azumi kuma, da yawa suna cewa tunda rana na faɗuwa sai a jira ta, ko da awa 20 za a yi, wanda ya kasa ya sha ya rama daga baya. Wasu malaman Masar sun halatta bin awannin Makka idan yinin ya wuce kima. Watan Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazara a 2015 da 2016, kuma ba zai koma can ba sai a shekarun 2040, saboda haka ɗaliban yanzu sun sami sauƙi. Abin da zai fi damunsu hunturu ne: a Disamba rana ba ta fitowa sai ƙarfe 10 na safe, kafin 4 na yamma ta faɗi, kuma Azahar, La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin kimanin awa uku, ana tsakiyar darasi.

Shawarata ita ce mutum ya bi jadawalin masallacin garin ya tsaya a kai, ya kuma sani cewa Tatar da ƴan Asiya ta Tsakiya mazhabar Hanafiyya suke bi, wadda La'asarta ta fi ta Malikiyya jinkiri. Kada ka riƙa sauya manhajar waya kullum kana neman wadda ta fi maka daɗi. Ka zauna da malaminka kafin ka bar gida, ka kai masa waɗannan lokuta a rubuce, domin ba kowane malami ne ya taɓa jin irin wannan yanayi ba.

Mutanen garin suna da ta cewa a harkar mulkinsa?

Birnin yana da gwamna da majalisar dokoki mai kujeru 50, kuma kotun tsarin mulkin ƙasar a can take tun 2008. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mazauna ke kare tsohon garinsu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Lokacin da kamfanin Gazprom ya so gina hasumiya mai tsawon kimanin mita 400 a Okhta, daf da tsakiyar gari, masana tarihi, masu zanen gine-gine da talakawa suka yi ta ƙorafi da zanga-zanga har aka janye shirin a 2010, aka kai ginin Lakhta, can gefen gari. A 2017 ma sun fito kan yunƙurin miƙa majami'ar Saint Isaac, wadda gidan tarihi ce, ga hannun coci, kuma miƙawar ba ta yiwu ba. Sai dai tun 2022 dokoki sun tsananta ƙwarai, kuma magana a kan yaƙin Yukiren tana iya kai mutum kurkuku. Kai baƙo ne. Kada ka shiga taron zanga-zanga, ka tabbata rajistar zamanka ba ta ƙare ba, kuma kada ka sa hannu a wata takardar aiki da aka rubuta da Rashanci sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita.

Gaskiya ne ana koyar da Hausa a can?

Gaskiya ne, a sashen nazarin Afirka na jami'ar gwamnati ta Saint Petersburg. Farfesa Dmitry Olderogge, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen, shi ya kula da ƙamusun Hausa da Rashanci da ya fito a 1963. Wannan ba dalili ba ne na ƙin koyon Rashanci, domin ko Turancinka ba zai kai ka nesa ba a kasuwa ko ofishin hukuma.

Da gaske ana ɗaga gadoji da dare?

Ana ɗagawa, daga wajen Afrilu zuwa Nuwamba, domin manyan jiragen ruwa su wuce ta Neva. Sukan tashi bayan ƙarfe 1 na dare su sauko wajen 5 na asuba, kuma a lokacin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya riga ya rufe. Idan masaukinka yana tsibirin Vasilyevsky, ka duba jadawalin gadojin kafin ka fita ziyara, in ba haka ba sai ka biya tasi kuɗin doguwar hanyar zagaye ko ka jira a bakin kogi cikin sanyi.