Barcin hunturu

Barcin hunturu yanayi ne da wasu dabbobi kan shiga a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa. Zafin jiki kan sauka, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi tazara, dabbar ta rayu da kitsen da ta tara tun kaka. Rashin abinci ne babban dalilinsa, sanyi yana biye.

Jemage da beyar

Jemagun Turai da Arewacin Amurka ƙwari suke ci, kuma da zarar ƙwari sun ɓace sai da yawansu su shige kogo su rataye wata da watanni. Zuciyar da ke bugawa sau ɗaruruwa a minti kan dawo kusan goma. Kowace farkawa tana cin kitse mai yawa. Shi ya sa cutar farin hanci, wadda aka fara gani a jihar Niyok wajejen 2006, ta kashe miliyoyinsu: tana yawan tashe su har kitsen ya ƙare kafin sanyi ya wuce.

Beyar kuwa kan yi wata biyar zuwa bakwai a rami, ba ci ba sha, ba fitsari ba kashi, a nan ne ma macen ke haihuwa. Zafin jikinta kaɗan yake sauka, don haka an daɗe ana gardama ko nata barcin na gaske ne. Kuregen Alaska shi ne gwani: a 1989 an auna jikinsa ya kai digiri 2.9 ƙasa da sifiri bai daskare ba.

Ƙwari

Da yawa kan tsayar da girma a matakin ƙwai ko tsutsa, wasu su tara sinadarin gilisarol da ke hana ruwan jikinsu daskarewa. Ƙudan zuma ba sa barci, dunƙulewa suke yi suna ɗumama juna.

Tarihi

Aristotle, masanin Girka na zamanin dā, ya ɗauka tsattsewa ɓuya take yi idan sanyi ya zo. Har ƙarni na 18 akwai masanan Turai da suka yarda tana kwana cikin taɓon tafki, alhali Afirka take tahowa. Sai wajejen 1946 aka samu tsuntsu mai wannan barci da gaske, a hamadar Kalifoniya.

A Bauchi da Gombe

Hunturun nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bai kai ya kwantar da dabba haka ba, ko da safiyar da hazo ya fi kauri. Abin da ake da shi barcin rani ne, kuma gaiwa ce misalinsa. Idan fadama ta soma ƙafewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, yauƙinta ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar ƙaramar kafa tana shaƙar iska da huhu. Haka za ta zauna har damina, kuma tana iya wuce shekara. Masu haƙa a busasshiyar fadama kan tono ta da rai. Wasu kwaɗi da dodon koɗi ma haka suke yi.