Shirya Kayan Tafiya Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Kilo nawa aka yarda in ɗauka?

Duba tikitinka, a rubuce yake. Galibi akwati ɗaya kilo 23 ne, jakar hannu kuma kilo 7 ko 8. In an ba ka akwati biyu, kar ka haɗa nauyinsu a guda, domin wanda ya haura kilo 32 ba a karɓarsa ko za ka biya. Auna tun a gida, ka bar rarar kilo ɗaya.

An ba ni saƙo in kai wa wani, in karɓa?

In ba a gabanka aka kwance shi ba, a'a, ko wa ya ba ka. Kunya ce ke jefa mutanenmu a masifa. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yakan kai kisa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fid da kowa cikin sauƙi. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba a can saboda jakar da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, sai a 2019 aka sake ta. Don haka in an gama awo, ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka. Akwati biyu, shaida biyu. In ka ga uku, kar ka gusa daga wurin.

Fawabank fa?

Jakar hannu. Batirinsa na iya kamawa da wuta, ba a sa shi a akwati.

Me ya sa aka ƙwace min turare?

Don kwalbar ta wuce mililita 100 kuma ka sa ta a jakar hannu. Girman kwalba ake dubawa, ko da saura kaɗan a ciki. Humra, zuma, man shafawa, duk su tafi babban akwati. Ɗaure murfin da salatif, ka sa a leda biyu, ka tura tsakiyar tufafi.

Zan iya tafiya da kilishi, daddawa da kuka?

To, nan amsa ba ɗaya ba ce, ya danganta da inda za ka sauka. Nama shi ne matsala. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, saboda cututtukan dabbobi. Kilishi, dambun nama da man shanu duk sun faɗa ciki, bushewarsu ba ta canza komai. Amurka ma haka take da nama, har dunƙulen miya mai sinadarin nama sukan karɓe. Na san za a ce wane ya wuce da kilishi bara. Ya wuce ne don ba a buɗe jakarsa ba.

Kayan garin miya sun fi sauƙi: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin rogo, galibi suna wucewa, amma ban ce kullum ba, jami'in da ka tarar yana da ta cewa. Daka su, ka rufe a leda mai bayyana abin da ke ciki, ka rubuta sunan kowanne. Wake ko gero da ba a niƙa ba jami'ai na iya kallonsu a matsayin irin shuka su hana su wucewa, balle in an ga ƙwaro ɗaya. Busasshen kifi yakan wuce in babu tsutsa. Manja kuwa, tambayi kamfanin jirgin tukuna, da yawa ba sa ɗauka don yana tsiyaya ya ɓata kayan jama'a. Goro kar ka kai shi Saudiyya, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa.

Kwantar da hankalinka dai: a Amurka in ka bayyana abincin da ke jakarka, iyakarta a karɓe a zubar. Ɓoyewa ce ke jawo tara.

Magunguna na fa?

A kwalinsu na asali, da takardar likita, a jakar hannu. Kar ka juye su a ƙullin leda. Tiramadol da kodin na iya sa a tsare ka a Dubai ko Masar.

Jakar Gana-mas-go ta yi?

Wasu kamfanoni sun daina karɓarta, tana maƙalewa a injin tura kaya. Nemi akwati.

In akwatina ya ɓace fa?

Yawanci makara yake yi, yakan biyo jirgi na gaba. Kai rahoto kafin ka fita daga filin jirgin, da 'yar shaidar nan a hannunka. Shi ya sa fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, caja da tufafi kala ɗaya suke zama a jakar hannu. Ɗauki hoton akwatin kafin ka miƙa shi, ka kuma sa lambar wayarka ciki da waje.