Rugbi ba kokowa ba ce

A fadarmu ta nan Yamai, da an nuno rugbi a talabijin, sai wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Kokowa ce da ƙwallo, babu wata doka."

Haba Baba, doka har ta yi yawa! Hukumar World Rugby da ke Dublin kusan kowace shekara sai ta taɓa dokokin, alƙalan wasa su koma karatu. Dangwala ƙwallo bayan layin abokan karawa maki 4 ne tun 1971, ya koma 5 a 1992. Cafke mutum a wuya laifi ne, katin gargaɗi kuwa minti 10 a waje. Daga 2025, mai bugun ƙarin maki, wato bugun da ake yi bayan an dangwala ƙwallo, daƙiƙa 60 gare shi, da can 90 ne.