Lissafin radiyeshan a hoton gano ciwon daji

Lissafin radiyeshan fanni ne na likitancin nukiliya da ke tantance yawan ƙarfin hasken da gaɓoɓin majinyaci ke sha bayan an yi masa allurar sinadari mai fitar da radiyeshan, wato wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani wanda ke ratsa jiki, domin ɗaukar hoton ciwon daji. Hoton ƙashi na yau da kullum daga waje haskensa ke zuwa, kuma yana yankewa da zarar an kashe na'ura, amma a nan tushen hasken yana cikin jiki, yana bin jini, don haka lissafa shi ake yi, ba a iya auna shi kai tsaye.

Yawan sinadarin da ke cikin sirinji ana faɗinsa da ma'aunin megabekarel, abin da kowace gaɓa ta sha da ma'aunin girei, sannan kiyasin haɗarin ga jiki baki ɗaya da ma'aunin milisibat. Hukumar ICRP ta ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, wadda aka kafa a 1928, ita ke fitar da alƙaluman da ake dogaro da su, a Najeriya kuwa hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, ke sa ido.

Sinadarin FDG, wani nau'in sukari da aka haɗa da fulorin-18 mai fitar da radiyeshan, shi aka fi amfani da shi a hoton PET, wato hoton da ke nuna inda sinadarin ya taru a jiki, domin ƙwayoyin ciwon daji sun fi lafiyayyu zuƙar sukari. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk minti 110, kuma allurar megabekarel 370 tana ba baligi kusan milisibat 7, wato kimanin abin da mutum ke sha daga ƙasa da iska da abinci cikin shekara uku. Mafitsara ce ta fi kowace gaɓa shan hasken, saboda ta ƙoda sinadarin ke fita, shi ya sa umarnin shan ruwa da yawan yin fitsari yake da muhimmanci.

Majinyacin da aka tura daga Gusau ko Birnin Kebbi zuwa Abuja ko Ibadan don hoton ƙasusuwa irin na likitancin nukiliya, allurar sinadarin teknishiyom-99m ake yi masa, wanda ke raguwa da rabi duk awa 6, ta yadda bayan kwana ɗaya abin da ya saura bai wuce kashi 1 cikin 16 ba. Mace mai juna biyu ko mai shayarwa wajibi ne ta sanar da likita kafin allura, yara kuma ana rage musu adadin gwargwadon nauyinsu.