Kalmomin Helenanci na Sabon Alkawari: daga ina suka fito, me suke nufi?

Da wane irin Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari?

Da Koine, Helenancin gama-gari na kasuwa da wasiƙu, wanda ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandari Mai Girma, da ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu. Amma marubutan sun san Septuajinta, fassarar littattafan Ibrananci zuwa Helenanci da aka fara a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Saboda haka kowace muhimmiyar kalma ana bin ta ta hanya biyu: yadda mutanen gari ke faɗin ta, da kalmar Ibrananci da take wakilta. *Christos* misali ne. Daga *chrio* ta fito, shafa mai, kuma ita ce fassarar *mashiyah*, shafaffe. Yohanna 1:41 ya ajiye su biyun a aya ɗaya.

Akwai waɗanda suka shigo Hausa?

Akwai. Linjila, ta hanyar Larabci, tushenta *euangelion*: *eu*, mai kyau, da tushen kalmar saƙo, wato albishir. Kalmar siyasa ce ma a lokacin, don rubutun dutse na Priene, wani tsohon birni a yammacin Turkiyya ta yau, na wajen shekara ta 9 kafin haihuwar Almasihu, ya kira haihuwar Kaisar Agusta farkon albishir ga duniya. Baftisma daga *baptizo* take, tsomawa a ruwa. Firdausi kuwa 'yar uwar *paradeisos* ce ta Luka 23:43, wadda Helenawa suka aro daga Farisawa, inda take nufin lambu mai katanga. Da ita Septuajinta ta fassara gonar Aidan.

Gaskiya ne ikkilisiya na nufin "waɗanda aka kira su fito daga duniya"?

Ana yawan jin haka a wa'azi, amma hujjar ba ta tsaya ba. Lallai *ekklesia* haɗin *ek* ce, daga, da *kaleo*, kira. Sai dai tun ɗaruruwan shekaru kafin Bulus, a Atina, sunan taron 'yan gari ne masu yanke shawara. Duba Ayyukan Manzanni 19: a aya ta 32 Luka ya kira cincirindon masu tarzoma a Afisa *ekklesia*, a aya ta 39 kuma ya kira halattacciyar majalisar gari da sunan nan. Babu mai cewa masu ihun kare allahiya Artimis an kira su daga duniya. Nauyin kalmar a bakin manzanni daga Septuajinta ya zo, inda sau da yawa take fassara *kahal*, taron jama'ar Isra'ila a gaban Allah.

*Agape* ƙaunar Allah ce, *phileo* ta mutum?

Rabon bai kai haka tsafta ba. Yohanna 3:35 ya ce Uba na ƙaunar Ɗa da *agapao*, aikatau na *agape*, 5:20 ya maimaita zancen da *phileo*. A 2 Timoti 4:10 Dimas ya ƙaunaci duniyar nan, kalmar kuwa *agapao* ce. Har son da Amnon ya yi wa Tamar kafin ya ci zarafinta, a 2 Sama'ila 13, Septuajinta ta faɗe shi da ita. Abin da ya ɗaukaka ƙaunar 1 Korintiyawa 13 shi ne bayanin da Bulus ya yi mata, aya bayan aya.

To *dunamis* fa, da ake cewa ita ce dainamait?

Alfred Nobel ne ya aro kalmar ya raɗa wa nakiyarsa a 1867. Bulus a Romawa 1:16 iko yake nufi, ikon ceto.

Wanda bai iya Helenanci ba, ta ina zai fara?

Ya sami Littafi Mai Tsarki mai lambobin Strong, tsarin da ya fito a 1890 wanda ya ba kowace kalmar asali lambarta: *agape* ita ce G26, *ekklesia* G1577. Ya bi lambar ya karanta wuraren da marubucin nan ya yi amfani da kalmar, sannan sauran Sabon Alkawari, sannan Septuajinta, kowanne da ayoyin gaba da baya. Inda ake tuntuɓe shi ne a kwaso dukan ma'anonin da ƙamus ya jera a ɗora wa aya guda. *Kosmos* a Yohanna 3:16 'yan Adam ne, a 1 Bitrus 3:3 kuwa adon mata ne.